Amsar Wasiƙa: Masu Hawan Igiyar Ruwa a Tekun Sanyi

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya. Ya ce ya ga hoton Turawa tsaye a kan allo bisa igiyar teku, ga ƙanƙara a kan duwatsu. Yana tambaya, shin gaskiya ne, kuma yaya sanyi bai kashe su ba?

To Malam, gaskiya ne. Akwai wani ƙauye, Unstad, a tsibiran Lofoten na arewacin ƙasar Norwe, inda aka fara wannan wasa a 1963. Da hunturu sanyin ruwan yakan sauka zuwa wajen digiri 5, kuma rana takan yi kusan wata guda ba ta fito ba. Tekun ba ya daskarewa saboda wani ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga kudu.

Amma fa ba jarunta ke ceton su ba, shiri ne. Sukan sa rigar roba mai kaurin milimita 5 ko 6, da hula da safar hannu da ta ƙafa, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki, kamar ninki 25. Kafin su shiga, sai sun duba girman igiyar, da inda iska ta dosa, da inda ruwa ke ja, da inda za su fita. Wanda ya faɗa ruwan sanyi ba shiri, numfashinsa kan sarƙe a minti na farko, ya shaƙi ruwa.

Nan gida ba mu da teku, ruwanmu ma bai kai nasu sanyi ba. Sai dai muna da dam ɗin Kubanni a Samaru, da kogin Galma, inda yaranmu ke wanka, masu lambu kuma ke ban ruwa. Su wa ke duba musu? Dam yana da zurfi da taɓo mai riƙe ƙafa. A watan Agusta kuma kogi yakan cika, ya yi ƙarfin ja, ko da samansa a kwance yake.

Don haka iyaye, kada yaro ya je ruwa shi kaɗai. In wani ya nitse, kada wanda bai iya iyo ba ya bi shi. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka rufaffiya wadda ba kome a ciki, a yi kururuwa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Malam, da fatan ka gamsu. Allah ya kiyaye mana zuri'a, amin. Sai mun ji daga gare ku.