Allurar Maiƙon Gwiwa da Manoman Rani

A filayen noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir, tsugunon dashe da ɗaukar buhuna shekara da shekaru suna taimakawa wajen cinye guringuntsi, wato laushin da ke lulluɓe kan ƙashi, har gwiwa ta riƙa kumbura tana ciwo, abin da ake kira amosanin gaɓɓai.

Ɗaya daga cikin magungunansa ita ce allurar hayaluronik, wani ruwa mai yauƙi irin wanda gaɓa ke samarwa da kanta, wanda likita ke zubawa cikin gwiwa domin rage gugar ƙasusuwa. Sauƙin da take kawowa, idan an samu, na 'yan watanni ne, ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye, shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ba ta yarda a mayar da ita maganin kowa ba.

Saboda haka ya kamata manomi ya nemi gwaji a wurin ƙwararru, kamar Asibitin Ƙashi na Dala, ya guji allurar kemis, domin ƙwayar cuta idan ta shiga gaɓa tana iya nakasa ƙafar da ke ciyar da iyali.