Fayil Amana Ne: Karatu da Rubutun Bayanai ga Mai Koyon Shirya Manhaja

 

Darasin da zan yi magana a kai shi ne wanda aka fi rainawa a ajin farko na koyon shirya manhajar kwamfuta: yadda shiri zai buɗe fayil, ya karanta abin da ke ciki, ya rubuta sabo, ya rufe. A littattafan koyo da dama babin nan can baya yake, sai an gama lissafi da sharaɗi da maimaita umarni. Kafin malami ya kai gare shi zango ya zo ƙarshe, jarrabawa ta ƙarato, sai a taɓa shi sama-sama a wuce. Ni a ganina wannan kuskure ne babba, domin a nan ne ɗalibi yake fara riƙe kayan wani.

Garin Yola da Modibbo Adama ya kafa a 1841 ya zama garin makarantu. Ga jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. Ga Jami'ar Amurka ta Najeriya da ta fara karɓar ɗalibai a 2005, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da kwalejin ilimi ta tarayya a Jimeta. Yaran da suke fitowa daga waɗannan wurare, aikin farko da akan miƙa musu a ofis ba ƙera sabuwar manhaja ba ne. Filashi ake miƙo musu a ce ga jerin ma'aikata, ko ga sakamakon jarrabawa, a gyara a dawo da shi.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin allo da kundi. Abin da aka rubuta a allo na yau ne, in an biya sai a wanke. Abin da aka sa a kundi kuwa jika ma zai tarar da shi. Haka kwamfuta take: duk abin da shiri yake riƙe da shi yayin da yake aiki yana cikin ma'ajiyar wucin gadi ne, da zarar an rufe shirin ko wuta ta ɗauke, ya tafi. Fayil shi ne kundin. Ɗalibin da bai iya fayil ba, komai kyan shirinsa, kullum wanke allo yake yi.

Bari in yi misali da Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, tunda da shi masu koyo da yawa suke farawa yanzu. Umarnin buɗe fayil shi ne open, kuma yana neman a gaya masa niyya da harafi guda. Harafin "r" na karatu ne. Harafin "a" na ƙari ne a ƙarshen abin da ke ciki. Harafin "w" na rubutu ne, kuma a nan haɗarin yake: da zarar an buɗe tsohon fayil da "w", an share duk abin da ke cikinsa nan take, tun kafin a rubuta ko harafi ɗaya. Ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, kuma abin da ya share ba ya zuwa kwandon shara balle a dawo da shi. Yaro ya so ƙara suna ɗaya a rajistar aji, ya sa "w" a madadin "a", sai rajistar ta koma suna ɗaya tak. Ina roƙon malamai su sa kowane ɗalibi ya yi wannan ɓarna da hannunsa a kan fayil na gwaji, ya buɗe ya ga wayam. Wanda ya gani sau ɗaya ba zai sake taɓa asalin fayil ba sai ya kwafe shi.

Sai maganar rufewa. Idan shiri ya ce ya rubuta, sau da yawa rubutun bai isa faifan ajiya ba tukuna. Ana tara shi ne a gefe har ya yi yawa, ko har a rufe fayil ɗin. Shi ya sa ake koyar da buɗewa da kalmar with, wadda take rufe fayil da kanta ko da shirin ya gamu da matsala a hanya. Amma with ba ta maganin ɗaukewar wuta, mu kuwa mun san yadda lamarin wuta yake, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kwamfutar tebur da ba ta da batir, in wuta ta yanke tana tsakar rubutu, za a tarar da rabin fayil. Dabarar tsohuwa ce kuma mai sauƙi: a rubuta sabon abu a wani fayil daban, sai an gama an rufe, sannan a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. In wuta ta ɗauke a tsakani, tsohon yana nan lafiya. Littafin da aka rubuta a ƙasar da wuta ba ta yankewa ba zai sa wannan a babin farko ba. Mu ya kamata mu sa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato haruffanmu. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 ya raba lambobi 128 ne kawai, kuma Turanci aka yi wa. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ ko ŋ na Fulfulde. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar zuba waɗannan lambobi cikin fayil. A UTF-8, harafin ɗ lambobi biyu ne a jere, 201 da 151. Idan aka karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai kowace lamba ta tsaya da ƙafarta, ɗ guda ta koma É—. Ta haka Baƙo yake zama BaÆ™o, Ɗahiru ya zama ÆŠahiru, Fulɓe ta zama FulÉ“e. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan birkici a takarda, ga dalilinsa.

A kwamfutocin Windows da yawa, in ba ka faɗa wa Python tsarin da kake so ba, tsohon zai ɗauka, kuma da ya iso kan ɗ wajen rubutu sai ya tsaya ya yi ƙorafi. Me ɗalibi yake yi? Ko dai ya bi jerin ya cire ƙugiyoyin duka don shirin ya tafi, ko ya kwaso wata dabara daga intanet ya sa errors="ignore". Da wannan shirin zai yi shiru, amma Ɗahiru ya koma ahiru. An yi wa mutum yankan suna don kwamfuta ta daina kuka. Alhali gyaran bai kai layi ɗaya ba: a rubuta encoding="utf-8" a duk lokacin da aka buɗe fayil na rubutu, karatu ne ko ajiya. Ba na ganin ya dace a ba ɗalibin Adamawa makin cin wannan darasi in bai iya ajiye sunan maƙwabcinsa ya dawo da shi yadda yake ba.

Fayilolin jeri da ake kira CSV, inda waƙafi yake raba bayani da bayani, su ma da tarkonsu. Lambar waya ta fara da 080, aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko ya faɗi. Lambar waya da lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 ba abin lissafi ba ne, a riƙe su a matsayin rubutu. An rubuta kuɗi 12,500, shirin da ɗalibi ya haɗa da hannu ya tsaga a kan waƙafi, sai aka sami 12 a wani gurbi, 500 a wani, sauran layin duka ya goce. Python yana da kayan karanta CSV a cikinsa, a yi amfani da su. Kwanan wata kuma, 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. A rubuta 2024-04-03 a huta.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar yara ce. A Oktoba 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. An riƙa zuba bayanan ne a tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya haura sai ya zube ba tare da an lura ba. Da shirin yana ƙirga layin da ya shiga da wanda ya fita, da an gano tun ranar farko.

Mu nan ba sai mun je Ingila ba kafin mu san nauyin jerin sunaye. A ƙarshen Oktoba 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansanoni irin na Malkohi da Damare, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa. A 2012 da 2022 Binuwai ya cika ya batse, ruwan sama ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, gidaje da gonaki suka nutse. A kowane irin wannan hali abin da ake fara yi shi ne rajista. Layi ɗaya a fayil iyali ne guda, kuma idan layin ya faɗi, buhun masararsu ya faɗi tare da shi.

Saboda haka ga roƙona ga malamai. A dawo da darasin fayil makonnin farko na zango. A daina ba yara fayil mai tsabta da sunayen Turawa. A ba su jeri mai sunayen Hausa da Fulfulde da Bachama da Kilba, mai lambar waya da sifiri a gaba, mai layin da ya ɓace rabi, mai suna ɗaya da aka rubuta iri biyu. A cire wa kwamfuta wuta tana tsakar rubutu, a ce su nuna abin da ya tsira. Ku kuma ƙannena ɗalibai, kafin ku miƙa kowane aiki, ku buɗe fayil ɗin da kuka rubuta ku duba da idonku, ku ƙirga layukan, ku tabbata kowa yana nan da sunansa cikakke.