Kakana da Fadamar Dagona

Yau shekara guda ke nan da rasuwar kakana, Allah ya jiƙansa. Tsoho ne da ɗaki bai taɓa riƙe shi ba. Ana idar da sallar asuba, sai ya saɓi sandarsa ya nufi fadamar Dagona. Da hunturu yakan nuna mini agwagin ruwan da suka taso daga Turai, yana musu sannu da zuwa kamar baƙinsa.

Har ya koma ga Allah bai yafe wa madatsar Tiga ta 1974 ba: saboda ita malalen ruwa ya ragu a fadamar, kifi ya ja baya, ciyawar kacala ta toshe magudanai.

A jinyarsa ta ƙarshe ma, gindin tsamiya ya sa aka shimfiɗa masa tabarma, wai rufin kwano yana hana shi jin kukan tsuntsaye.