JAWABIN MUSHEN LAKWAL A TARON ƘUNGIYA: ƊIYANMU DA MAWAƘAN SALULA

Iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya, yayye da ƙanne ƴan ci-rani da kunka zo daga Maraɗi, Yamai, Kano da Agadas, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma neman gafara in mun yi magana gaban manya.

An ce mu faɗi abin da muke gani a lakwal. To, ga shi. In kun buɗe kayen yaro ɗan CM2, za ku iske sunan Ali Nuhu ko Adam A. Zango a bango, an zagaye shi da jan bik. A shekarar 2020, lokacin da waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta fito, daga Agye har Gazawa babu rekreyasiyon da ba a rera ta ba. Yaro ya san askin tauraro da irin rigarshi, amma in an tambaye shi wa ke kaɗa gangar noma a garinsu, sai ya yi shiru. Salular da kuke aikowa don a riƙa jin lafiyarku, ita ce ake kai wa mai caji ranar kasuwa a cika ta da waƙoƙi.

Ba mu zo zagin mawaƙan Kano ba. Sana'arsu suke yi, kuma da Hausarmu suke yi. Ku ma iyayenmu kun yi zamaninku: an sayar da buhun gujiya an sayi rediyo mai kaset don jin Shata da Ɗan Anace. Bambancin ɗaya ne. Ku kuna jin Shata da rana, da dare kuma ku fita dandali ku yi naku kiɗan. Ɗiyanmu kuwa sun koma ƴan kallo. Sun ɗauka waƙa aba ce da ake yi a birni, a aiko wa ƙauye.

Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, har da mu malamai. Bara, cikin ajinmu, mun kama wani yaro da gwangwanin madara wanda ya ɗaura wa sanda da wayar birkin keke, yana kaɗawa ƙarƙashin tebur. Munka amshe, munka tsawata mishi gaban ƴan aji. Da maraice munka ɗauki abin munka taɓa, sai munka ji tsarkiya biyu ce, kuma an daidaita su sarai. Washegari munka sa shi ya kaɗa. Waƙar kanshi ce ya yi, kan babanshi da ya tafi Libiya shekara uku ba labari. Aji duka ya yi tsit. Ran nan mun ji kunya, don a makarantar horon malamai an koya mana waƙoƙin Faransanci, ba a koya mana sauraren irin wannan ba.

Ku ji abin da ya faru da wani mai irin wannan gwangwani. Mdou Moctar, Buzu ne ɗan yankin Abalak a jihar Tawa. Gidansu ba a son kiɗa, sai ya harhaɗa gitarshi ta farko da icce da wayoyin birkin keke. A 2008 ya ɗauki waƙoƙinshi a Sakkwato. Ba rediyo ce ta yaɗa su ba: daga salula zuwa salula sunka bi hamada har Mali da Muritaniya. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su, ya sa ɗaya cikin faifan da ya fitar a 2011. Daga baya Mdou ya yi wasa a Amurka da Turai. Da an ƙone gitar nan ta icce, da shi ke nan.

Ga kuma Malam Maman Barka, ɗan Tesker, wanda mushen lakwal ne kamarmu kafin ya shahara da gurmi. Ya ji labarin biram, kayan kiɗan Buduma masunta na tabkin Cadi, mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, wanda saura tsoho guda, Boukar Tar, ya iya shi. Ya tafi ya zauna gabanshi ya koya. Malam Barka ya rasu a 2018, amma an riga an ɗauki muryar biram, duniya ta ji ta.

To mu fa? A ƙauyukan Gidan Rumji, Agye da Gazawa akwai tsofaffi masu goge da gurmi da kalangu waɗanda ba su da magaji. Akwai waƙoƙin daka da na niƙa da iyayenmu mata ke yi, injin niƙa yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Zamanin samariya, lokacin Seyni Kunce, kowane gari na shirya kiɗanshi da wasanshi don gasar matasa. Yanzu in ba mu shirya ba, babu mai shirya mana.

Don haka muna roƙon ƙungiya abu uku.

Na ɗaya, bayan girbi, kafin ƴan ci-rani su tashi, a ware dare guda a dandali. Sharaɗi: kowa ya zo da waƙar kanshi ko ta garinsu, ban da kwaikwayo, ban da batsa. Dattawa su zauna su yi alƙalanci.

Na biyu, kowane mamba ya ba da dala ɗari. A biya tsofaffin makaɗa ladan koyarwa ran Alhamis, a sai wa yara fata da tsarkiya.

Na uku, mu malamai mun ɗauki alkawarin ɗaukar muryar tsofaffin nan da salula, mu rubuta kalmomin cikin kaye, a ajiye wajen magatakardan ƙungiya, a tura wa na nesa.

Mun san akwai iyayen da za su ce roƙo ba gadonsu ba ne, kiɗa kuma na hana karatu. Ba mu ce yaro ya bar allo ko lakwal ba, ba mu ce ya bi masu kuɗi yana kirari ba. Yaron nan mai gwangwani, tun da munka maida mishi kayanshi bai sake fashin aji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya maida ku wuraren nemanku lafiya, ya ba mu damina mai albarka.