Gonar Gado da Takarda: Mu Yi Tambaya Kafin Katafila Ta Iso

Mun san akwai waɗanda suka bar aikin gona suka taho tun da sassafe, saboda haka za mu tafi kai tsaye ga abin da ya tara mu.

Zancenmu na yau a kan ƙasa ne. Da yawa daga cikin ƙauyukanmu, waɗanda a dā sai an yi doguwar tafiya kafin a kai birni, yanzu birnin ne ya iso su. Ana yanka fegi inda ake shuka dawa. Ana wayar gari a ga safiyo da ma'auninsa a bakin gona, ko a ga jan fenti a jikin katanga, ba wanda ya san wa ya aiko shi. Sa'an nan a zo wurinmu neman taimakon hatsi da bargo, gama gonar da take ciyar da gida ta tafi. Buhun masara yana ƙarewa cikin wata biyu, gona kuwa tana ciyar da jikoki. Shi ya sa muka ga ya fi kyau mu zauna mu san abin da doka ta ce tun abin bai same mu ba.

Bari mu fara da tambayar da kowa yake yi: ƙasar ta wane ne?

A bisa al'ada mun san gonar gado, mun san ta saye, da ta aro, da ta jingina, da ta kyauta. Dattawa sun san iyakar kowa, daga wancan kuka zuwa wancan layin gamba. Amma a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau ita ce take aiki, an kuma kare ta a cikin tsarin mulkin 1999. Dokar ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Mu lura da kalmar nan, amana. Wanda aka ba amana ana iya tambayarsa yadda ya yi da ita.

Dokar ta raba ƙasa kashi biyu. Ta birni tana ƙarƙashin gwamna, shi ne yake ba da takardar shaidar mallaka. Ta karkara tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda take da ikon ba mutum har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, ba sai ta nemi yardar gwamna ba. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: gwamna yana iya fitar da sanarwa a gazet ya mai da wani yanki ya zama birni. Daga ranar nan gonakin wurin sun fita daga hannun ƙaramar hukuma, ko da ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Kada wannan ya karya mana zuciya. Sashi na 36 na dokar ya ce wanda yake noman gonarsa a karkara tun kafin 1978, ana lissafta shi kamar wanda ƙaramar hukuma ta riga ta ba izini. Yana kuma da damar ya kai zanen gonar ko bayanin iyakokinta a yi masa rajista. Wato rashin takarda bai mai da mu baƙi a gonar iyayenmu ba. Wahalar ita ce hujja. Tsohon da ya san iyaka yana rasuwa, kukan yana faɗuwa, ranar shari'a kuwa wani ya fito da takarda mai hatimi, mu kuma mu fito da baki kawai.

Tambaya ta biyu: idan gwamnati tana bukatar gonarmu fa?

Tana da ikon karɓa, amma da sharuɗa. Na farko, sai domin amfanin jama'a, kamar hanya, makaranta, asibiti ko madatsar ruwa. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukunci cewa karɓe filin wani domin a miƙa wa wani ya yi harkar kansa ba amfanin jama'a ba ne. Na biyu, dole a ba mai filin sanarwa a rubuce. Jan fenti a katanga ba sanarwa ba ne, saƙon baka ta bakin ɗan aike ma haka. Na uku, dole a biya diyya.

A nan ne ya kamata mu buɗe kunne sosai. Dokar ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da take biya shi ne abin da ke kanta: gini, rijiya, amfanin gona da itatuwa. Saboda haka ranar da ma'aikata suka zo ƙidaya, ranar ce mafi muhimmanci. Ɗorawar da ba a rubuta ba, ba za a biya ta ba. Haka kaɗanya, da tsamiya, da mangwaro. Mai gona ya tsaya da kansa, da shaidu, a ƙirga a gabansa, ya karɓi kwafin abin da aka rubuta. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Ban da wannan, sashi na 6 ya ce idan gonar noma ce aka karɓa a karkara, ƙaramar hukuma ta ba manomin wata gona a madadinta. Idan kuma filin na gari ne gaba ɗaya, kamar makiyaya ko kurmi, ana iya biyan diyyar ta hannun sarki ko shugaban jama'a, amma domin amfanin jama'ar ne. Muna roƙon iyayenmu sarakuna, in irin wannan kuɗi ya zo, a faɗi adadinsa a bainar jama'a. Yin haka yana kare mutuncin sarauta.

Tambaya ta uku: wane irin ci gaba muke so?

Ba mu zo nan domin mu ƙi ci gaba ba. Muna son hanya, muna son ruwa da wutar lantarki. Amma tarihin ƙasarmu ya koya mana abin da yake faruwa sa'ad da aka tsara aiki a ofis ba a tambayi mutanen wurin ba. A 1978 aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a cikin Jihar Zamfara ta yanzu. Ruwa ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane, maganar diyya da rabon gonaki ta rikice, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa. Manoman fadama da suke can ƙasa da madatsar su ma sun sha wahala, gama ambaliyar da take shayar da shinkafarsu kowace shekara ta ragu, su kuwa ba a ma sa su cikin lissafi ba.

Haka abin ya kasance a gabas da Kano. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ruwan da yake gangarawa fadamar Haɗejiya da Nguru ya sake. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka bushe, wasu ruwa ya kwanta a kansu, masunta da makiyaya da manoma duka suka ji a jikinsu. Abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa ke nan a taƙaice: a yi aikin da zai amfane mu yau, ba tare da an kashe abincin maƙwabcinmu ko na 'ya'yanmu ba.

Tun 1992 akwai dokar da ta tilasta a binciki illar manyan ayyuka ga muhalli da jama'a kafin a fara su. A cikinsu akwai rukunin gidaje da ya kai hekta 50, da aikin noma da zai tashi iyalai 100 ko fiye. Akan ajiye rahoton binciken a fili na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. Sau da yawa kwanakin suna wucewa ba wanda ya je. Sai mu tambayi kansilanmu ko an ajiye irin wannan rahoto a sakatariya. Mu duba taswirar: ina burtali, ina mashayar dabbobi, ina maƙabarta, ina hanyar ruwan damina? In aka yanka fegi a kan burtali, shanu za su bi ta gona, faɗan da zai biyo baya kuwa mu ne za mu yi shi da junanmu.

Tambaya ta huɗu: muna da ikon tambayar gwamnati?

Muna da shi. A ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayani. Kowa yana iya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ma'aikatar tana da kwana 7 ta amsa, in za ta hana kuma ta rubuta dalilin hanawa. Wanda bai iya rubutu ba, wani yana iya nema a madadinsa. In an hana shi, yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Shekaru da dama wasu jihohi suna cewa dokar ta gwamnatin tarayya ce kaɗai, amma a Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafi jihohi ma. A Yuli 2024 kuma kotun ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka tambayar nawa ya shigo, me aka yi da shi, tambaya ce ta halal. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma adawar siyasa ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

To, me za mu yi in mun koma gida?

Na ɗaya, kowane gida ya zaga iyakar gonarsa tare da maƙwabta da mai unguwa tun ana zaman lafiya, a rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a wuri biyu. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suna da kwamitocin ƙasa har a ƙauyuka, bisa dokarsu ta karkara ta 1993, masu ba da takardar shaidar gado, saye, aro da jingina. Ba abin da zai hana mu fara irin wannan rubutu a tsakaninmu.

Na biyu, duk aro ko jingina a rubuta shi da ranar mayarwa. Aron da ya daɗe ba takarda, jikoki sukan ɗauka gado ne.

Na uku, mu tsaya wa gwauraye da marayu. Gonar gwauruwa ce ake fara taɓawa, wani lokaci ma daga cikin dangi. A sa sunanta da na 'ya'yanta, maza da mata, a cikin takarda.

Na huɗu, mu yi hattara da dillalan da suke bi gida gida da kuɗi a hannu, suna cewa gwamnati za ta ƙwace gobe, gara a sayar yau. A tambaya a ma'aikatar filaye tukuna.

Na biyar, kowane gari ya zaɓi mutum biyar ko bakwai, da mata a ciki, da makiyaya, da Kirista da Musulmi, su zama masu rubuta wasiƙa da bin sawunta. Su karɓi hatimi a kwafin kowace wasiƙa da suka kai ofis. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma mai neman filin banza ya fi kowa son ya same mu a rabe.

A yi duk wannan cikin ladabi, ba zagi, ba ɗaukar doka a hannu. Yanzu za mu ba da dama ga masu tambaya, za mu kuma fara da iyayenmu mata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.