Saniya da Ɓauna: Yadda Aka Ci Nasarar Ciwon Bushiya

 

Yau maganarmu a kan dabbobi ce, na gida da na daji, da ƙungiyoyin da ke lura da lafiyarsu. Wani ya kan ce, "Ina ruwan saniyata da ɓaunar daji?" Wani kuma ya ce aikin likitan dabbobi daban, aikin mai gadin daji daban. To, ku saurari labarin ciwon bushiya, sa'an nan ku yanke hukunci da kanku.

Yaran yanzu ba su san bushiya ba, amma tsofaffin makiyaya sun san ta. Saniya ta kan fara da zazzaɓi. Sai hawaye da majina su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo mai tsanani ya biyo. Kafin kwana goma ko sha biyu ta mutu. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta. Tana bin numfashi da yawu da kashin dabba, ta shiga garke ta wurin cuɗanya a mashaya ko a kasuwa. Ba ta kama mutum, amma tana karya arzikinsa.

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke waɗansu shanu a Masawa, a bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar Eritiriya. Ashe shanun suna ɗauke da cutar. Daga nan ta bazu kamar wutar daji. Wajen 1891 ta iso ƙasashenmu, kafin 1897 ta kai Afirka ta Kudu. A wurare da yawa, cikin shanu goma tara suka mutu. Fulani masu garke suka wayi gari ba ko maraƙi. Yunwa ta biyo baya. Ba shanu kaɗai ta kashe ba. Ta shiga daji ta yi ta kashe ɓauna da raƙumin dawa da mugun dawa da sauran masu rababben kofato.

Cuta ba ta san kan iyaka ba. A 1920 aka ɗauko waɗansu shanu daga Indiya za a kai su Birazil, jirgin ruwan ya tsaya a ƙasar Beljiyam, sai bushiya ta ɓarke can. Turawa suka tsorata. Saboda haka a 1924 ƙasashe 28 suka haɗu suka kafa ofishin lafiyar dabbobi na duniya a Faris, babban birnin Faransa. Da ana kiransa OIE, tun 2022 kuwa ana kiransa WOAH. Aikinsa shi ne, in cuta ta ɓullo a wata ƙasa, a sanar da sauran ƙasashe maza-maza. A wannan shekara ta 1924 kuma aka kafa ɗakin binciken ciwon dabbobi a Vom, kusa da Jos, aka fara yin maganin bushiya a nan gida. Har yau ana yin alluran dabbobi a Vom.

Magungunan farko suna da wahala, wani lokaci ma su kan kayar da saniya. Wajen 1960 wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, da abokan aikinsa suka samo allura mai kyau a ƙasar Kenya. Ba ta da tsada, kuma in an yi wa saniya sau ɗaya ta kama, ta tsira ke nan har ƙarshen ranta.

Yanzu ku lura da abin da ya faru a Sarangeti. Wannan wani babban gandun daji ne a ƙasar Tanzaniya. Akwai wata dabba a can mai kama da kanki, mutanen ƙasar suna ce mata nyumbu. Kowace shekara bushiya ta kan kashe 'ya'yanta da yawa. A da, waɗansu suna tsammani namun daji ne ke riƙe da cutar suna ba shanu. Sai aka bi ƙauyukan da ke kewaye da dajin ana yi wa shanu allura. Ba a yi wa naman daji ko ɗaya ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan cutar ta ɓace daga dajin. A farkon shekarun 1960 nyumbu wajen 250,000 ne. Kafin 1977 sun wuce miliyan ɗaya. Ɓauna ma suka ƙaru. Kun ga, allurar da aka yi wa saniyar talaka ita ce ta ceci naman daji. Daga nan likitocin dabbobi da masu tsaron daji suka ƙara gane cewa aikinsu ɗaya ne.

A ƙasashenmu kuwa, a 1962 aka fara wani babban yaƙi da bushiya, wanda a ke kira JP15. An fara shi a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya kai ƙasashe 22. Ma'aikata su kan bi ruga ruga da mashaya mashaya, a yi wa saniya allura, a yi mata alama a kunne. Cutar ta ragu ƙwarai, har mutane suka ɗauka ta tafi.

Amma an yi sakaci. Da shirin ya ƙare a 1976, ƙasashe da yawa suka daina bin 'yan maruƙa da allura. Cutar kuwa ta laɓe a waɗansu lunguna, a wajen Mali da kudancin Sudan, inda allura ba ta kai ba. Maruƙan da ba su da rigakafi suka girma suka cika garke. A farkon shekarun 1980 sai ga ta ta dawo, ta gabas da ta yamma. A 1983 ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya. Wanda ya share gona ya bar saiwar ƙaya, ai zai sake shara.

Aka sake ɗamara. A 1986 ofishin kula da dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wanda ke Nairobi, ya fara sabon yaƙi. A 1994 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta haɗa yaƙin dukan duniya wuri ɗaya. Wannan karo an yi dabara biyu. Ta farko, an gyara allurar yadda za ta jure zafi har wajen wata guda ba tare da ƙanƙara ba. Ta biyu, an koya wa makiyaya kansu yin allurar. A kudancin Sudan da ƙasar Habasha, inda mota ba ta zuwa, mutanen ƙauye ne suka ɗauki magani a ƙafa suka kai wa garkuna. Su ne kuma suka riƙa gaya wa likitoci inda cutar ta ɓuya, gama ba wanda ya san garke kamar mai shi.

Masu tsaron daji su ma suka ba da hannu. A kan ɗebi jinin ɓauna a duba. In ba a ga alamar cutar a jikin ƙananansu ba, an san ba ta yawo a wannan yanki. Wurin da aka ga bushiya na ƙarshe a duniya, a jikin ɓauna ne, a gandun dajin Meru na ƙasar Kenya, a 2001. Aka yi shekara goma ana bincike, ba a sake ganinta ba. A 2011 OIE da FAO suka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar, da ikon Allah. Ta farko ita ce agana, a 1980.

To, aiki bai ƙare ba. Bushiya tana da ƙanwa mai kama awaki da tumaki, likitoci suna ce mata PPR. An fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. Ita ma tana kama namun daji. A 2015 FAO da OIE suka ƙulla niyyar kawar da ita kafin 2030. Akuya kuwa ita ce asusun mata da talakawa. Ga kuma ciwon huhu da ciwon saifa. Muna da gandun daji namu, kamar Yankari a ƙasar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki a ciki. Wata ƙungiyar tsaron namun daji ta Amurka, WCS, ta taimaka wa masu gadinsa.

Ƙungiya tana da magani da mota, amma ba ta da ido a kowane ƙauye. Idon nan ku ne. Saboda haka ga abin da na ke roƙonku. Ran da masu allura suka zo, ku fito da dabbobinku duka, kada ku ɓoye ko ɗaya, balle ƙanana. In kun sayo dabba a kasuwa, ku ɗaure ta daban na 'yan makonni kafin ta shiga garke. In dabba ta mutu farat ɗaya, kada ku feɗe ta, kada ku sayar da naman. In kun ga namun daji suna mutuwa, ku gaya wa mai unguwa ko arɗo, ya sanar da malamin dabbobi. Kada ku kora garke cikin gandun daji, domin ciwo yana iya shiga da shi, yana kuma iya fitowa da shi.

A nan ne karatunku zai yi amfani. Wanda ya iya karatu zai karanta sanarwar ranar allura. Zai duba kwalbar magani ya ga ko lokacinta ya wuce. Zai rubuta takarda da hannunsa, ya faɗi rana da wuri da yawan dabbobin da suka kamu. Takarda ɗaya da ta isa da wuri tana iya ceton garkunan gunduma guda. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, ta gida da ta daji. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.