Wace Ƙasa Mai Shahada Ya Kare?



Kowa a nan ya san cewa a watan Afrilu na 1906 rundunar Turawan Ingila ta afka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da ɗimbin jama'arsa. Shi ya sa muke ce masa Mai Shahada. Tambayata ita ce, wace ƙasa ya mutu yana karewa?

Wasu sukan ce Nijeriya. Da wuya, domin sai a 1914 Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Wasu kuma su ce daular Sakkwato. To amma Sakkwato ta faɗi tun 1903, kuma kada mu manta nan garin Buhari ne, wanda ya bijire wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karya rundunar da aka turo masa a Kaffur, ya ci gaba da mulkinsa har ya rasu a 1863. A Sakkwato ɗan tawaye ne, a nan gwarzo ne. Mutanen garuruwan da ya kai wa hari kuwa, nasu labarin daban. A ganina, addininsa da ganuwar garinsu Muhammadu ya kare, kuma wannan bai rage masa daraja ba.

Ga abin da ba mu cika faɗa ba: hafsoshin ne Turawa. Sojojin da suka harba bindigogin baƙar fata ne, da yawansu Hausawa. Irin wannan runduna ce daga baya aka kwasa zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, don kare daular da ta ci mu.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. Mutanen Ostareliya suna girmama ranar 25 ga Afrilu, ranar da sojojinsu suka sauka Galifoli ta Turkiyya a 1915, inda sama da 8,000 suka mutu saboda Ingila. Wasunsu na cewa ranar ce suka zama al'umma. 'Yan asalin ƙasar kuma na tambaya, ina labarin yaƙin da aka yi da kakanninsu tun daga 1788?

Roƙona ga shugabanninmu, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya, ɗalibai su bi dattawa su naɗi abin da suka ji daga kakanninsu, har da na gidajen tsofaffin sojoji.